Tukunyar Jikata A Kabarin Mutanen Farko

Alto del Guamo, San Agustín
Lahadi, 9 ga Maris, 1986

Zuwa ga matata Tránsito,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya jikin ƙanwarki Leonor? Ina fatan ɗinkin ya kama, ta fara cin abinci. Yaya zafin Cali? Ki gaishe ta, ki ce mata ta warke da wuri ta maido mini da matata, aron wata biyu ya isa.

Tsohuwa, nemi kujera ki zauna kafin ki ci gaba. Nubia matar ɗanmu ta haihu. Mace ce! Ranar Alhamis da hantsi ta zo, sati uku kafin lokacin da aka sa mata. Shekara bakwai muna jiran jika a gidan nan, sai da kika juya baya ta lallaɓo. Ina shanya kofi a tsakar gida na ji kukan. Na yi gudu har takalmi ɗaya ya zauna a taɓo, ban koma nemansa ba sai washegari. Ɗanki Arbey, ƙaton nan mai gemu, ya jingina da bangon kicin yana kuka ya fi jaririyar ƙara.

Kunnuwanki ta ɗauko, ƙanana masu lanƙwasa. Gashi baƙi wuluk, cike da kai. Surukarmu Doña Cleofe, uwar Nubia, wadda ita ta karɓi haihuwar, ta ce hancin nawa ne, amma kada mu damu, Allah yana warkar da abin da ya fi wannan.

Takarda uku na ɓata kafin wannan. Lokacin da nake zama a bencin yara da yamma ina da shekara sittin da ɗaya, Malama Inés tana riƙe mini fensir, mutane suna dariya, ban san don me nake wahala ba. Ashe don wannan wasiƙar ce. Da ba don haka ba, da sai na je na faɗa wa wani a gari ya rubuta miki, shi kuwa ba zai san yadda kunnuwanki suke ba.

Cleofe ta karɓe mulkin gidan. Ta toshe tagogi da tsumma, ta cusa wa 'yarta auduga a kunne, ta ce kwana arba'in Nubia ba za ta ga iska ba. Kullum romon kaza da cakulan mai zafi. Kaji sha ɗaya gare mu, sun fara kallona kamar sun san lissafin.

Ni aka ba aikin binne mabiyiya. Cleofe ta sa ta cikin 'yar tukunyar ƙasa, ta rufe da toka mai ɗumi, ta ɗaure bakin da ganyen ayaba. Ta ce in nemi wuri busasshe mai ɗumi, don duk inda mabiyiya ta kwanta, cikin uwa da na 'ya suna jin wurin. Gefen murhu ta so, amma na ce mata bara muka zuba siminti a kicin, ba zan fasa ba. Na ce zan kai ta tudun da ke saman gonar kofi, inda rana take fara sauka, in dasa fiya a kai, yarinya ta girma da bishiyarta. Haka na yi. Akwai wata 'yar magana game da wannan, amma ba ta yau ba ce.

Da na dawo aka miƙo mini ita. Nauyinta bai fi na curin mazarƙwaila uku ba. Ta kama ɗan yatsana ta ƙi saki.

Olmedo direba zai kawo miki wannan tare da kofi na gida. Kowa yana gaishe ki.

Mijinki, kakan yarinya,
Evaristo Imbachí

Alto del Guamo
Lahadi, 16 ga Maris

Tránsito,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Leonor, Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu manya lafiya muke. Yarinya ce ba lafiya.

Tun ranar Alhamis take gudawa, kore kamar ruwan ganye. Tana kama nono ta saki. Kukan ma ya canza, ya koma siriri. Nubia ba ta barci.

Yanzu ga maganar da na ce ba ta ranar ba ce. Ki karanta ke kaɗai.

Kin san ɗan tudun nan mai kan kwarya da mahaifina bai taɓa bari a noma ba, bai kuma taɓa faɗin dalili ba. Nan na zaɓa, don ya fi ko'ina bushewa. Na haƙa har gwiwa, sai ƙarfen haƙan ya daki dutse. Na share, na ga falale ne shimfiɗaɗɗe. Na ɗauka zan iya kauce masa, na sa ƙarfe a gefensa na banƙara. Ashe biyu ne a jere, ni kuma tsakaninsu na soka. Ƙasa ta zurare ciki, rami ya buɗe kamar faɗin malafata. Tukunyar kuwa na ajiye ta a baki. Ina kallo ta sulale ta bi ƙasar.

Ban ji ta fashe ba. Na ji dai ta dira, tim, can ƙasa. Na kwanta rub da ciki na zura hannu har kafaɗa. Ban taɓa komai ba sai sanyi, irin sanyin da ban taɓa ji a ƙasar gonarmu ba. Da na shafa ƙarƙashin falalen na ji shi sumul, an sassaƙe shi. A nan na gane. Rufin kabarin mutanen farko ne, irin waɗanda ke filin gumaka na gwamnati, duwatsu a tsaye, wasu a kwance a kansu. Mabiyiyar jikarmu tana kwance da matattu.

Na rufe ramin da guntun kwano, na tura ƙasa, na dasa fiyar a gefe. Na wanke hannu a rafi da ruwa zalla, ba ganyen ruda da ake wanke sanyin gawa da shi, ba komai. Na shiga gida na ce wa Cleofe an binne cikin ɗumi. Da wannan hannun na ɗauki yarinya. Kullum kuma ina ɗaukarta har ranar da ta fara ciwo.

Za ki ce me ya hana ni magana. Hernán ne ya hana ni. Shekara tara ke nan da ƙasa ta rufta wa babban ɗanmu a irin wannan rami yana neman zinariyar matattu, Arbey yana sama riƙe da igiya. Ke kika sa Arbey ya ɗora hannu a akwatin gawar wansa ya rantse ba zai ƙara shiga kabari ba. Ya cika alkawari, amma sandar ƙarfensu ta gwajin ƙasa tana nan bayan rumbu, kuma na sha ganin an shafa mata mai. Ga Mako Mai Tsarki na kafin Ista ya ƙarato, lokacin da maza ke hawa tudu suna jiran su ga wuta ta tashi a kan kabari mai zinariya. Idan magana ta fita cewa akwai kabari a gonar Imbachí wanda ba a taɓa buɗewa ba, za su zo da diga. Wanda zai fara shiga kuwa kin san shi.

Jiya Cleofe ta shinshina kan yarinya, ta taɓa tafin ƙafarta, ta ce sanyin matacce ne ya kama ta. Ta tara mu ta tambaya wa ya je wurin gawa ya shigo ɗakin nan. Na buɗe baki, sai ita da kanta ta tuna cewa maƙwabciyarmu Rosalba ta kawo kaza ranar Asabar ta farko, ta kuma leƙa fuskar jaririya, alhali ita ta wanke gawar tsoho Ruperto a ƙarshen watan jiya. Cleofe ta yafa mayafi ta tafi har ƙofar gidanta. Daga gonarmu ana jin muryarta. Ta kira ta mai hannun makabarta, ta ce in abu ya sami yarinyar nan ta san wanda za ta nuna a coci. Rosalba tana kuka tana cewa ta yi wankan ganye sau uku kafin ta zo. Ni ina tsaye a bakin shinge da adda a hannu, na bar ta da laifina.

Shekara arba'in Rosalba tana ba mu aron gishiri, Tránsito.

Ki gaya mini abin da zan yi. Na san wasiƙa tana kwana huɗu a hanya, amma ki rubuto.

Naki,
Evaristo

Alto del Guamo
Laraba, 19 ga Maris

Matata,

Ina fatan kuna lafiya ke da Leonor. Ban sami amsarki ba, na san bai isa ba tukuna. Na rubuta ne don ba ni da wanda zan faɗa wa.

Maɗigar yarinya ta loɓa. Idanunta sun shige ciki. Tun jiya da rana ba ta jiƙa tsumma ba, tana kuka ba hawaye.

Na ɗauko ɗan littafin lafiya da aka raba mana a aji. Na karanta shafin da yatsa sau biyu don kada in yi kuskure. An rubuta cewa idan maɗigar jariri ta loɓa kuma fitsari ya tsaya, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira. Na kai wa Cleofe na nuna mata. Ko kallon takardar ba ta yi ba. Ta ce, "Don Evaristo, shekara nawa da ka san A da B, har ka zama likita? Na karɓi haihuwa ɗari biyu a tsaunin nan kana dangwala yatsa a takarda." Ta ce jaririn da sanyin matacce ya kama, in aka fitar da shi iska kafin a raba shi da sanyin, a hanya zai ƙare. Arbey ya rasa bayan wanda zai bi. Ni ma, gaskiya, ban san ba. Na yarda da littafin, na kuma ji sanyin nan da hannuna.

Cleofe ta yi duk abin da ta sani. Ta jefar da kazar Rosalba, ta turara ɗaki, ta yi wa yarinya wankan ganye, tana ɗiga mata ruwan tsimi a baki. Ba sauƙi. Yau da safe ta fito kicin ta zauna, ta ce abin ya ɗaure mata kai. Da sanyin Rosalba ne, da ya tafi tuni, tun da sau ɗaya ta zo. Wannan sanyin yana nan kusa, in ji ta, ko dai a binne yake, ko yana shiga yana fita da ƙafa biyu. Tana faɗa tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Jiya na hau tudun ni kaɗai da doguwar gora da na ɗaura wa ƙugiya, ko zan janyo tukunyar ba wanda ya sani. Ban iya ba. Ramin ma ƙara faɗi ya yi. Na haska tocila, sai ga fuska tana kallona daga ƙasa, idanu zagaye, haƙora huɗu dogaye sun sarƙe. Na san dutse ne, irinsu nawa muka gani tun muna yara, a gefen hanya ma akwai. Amma wancan ba wanda ya gan shi tun da aka rufe shi. Gorar ta suɓuce mini, ita ma tana ciki yanzu.

Da azahar Cleofe ta ce kada a jira Fada, limamin cocinmu, a zuba wa yarinya ruwan baftisma na gaggawa. Kin san abin da hakan ke nufi, ta fara fid da rai da ita. Nubia ce ta faɗi sunan: María del Tránsito. An yi miki takwara, tsohuwa, ga kuma yadda aka yi miki ita. Cleofe ta juyo ta ce kaka ya riƙe ta a zuba ruwan. Na mai da hannuwana baya na ce ina tari. Ba na tari, kowa ya sani. Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙa wa Arbey.

Ba zan jira amsarki ba. Na san abin da za ki ce. Ina tsoron in rasa ɗa a rami, sai ga shi ina shirin rasa jika a kan gado. Gobe da safe, kafin motar madara ta wuce, zan faɗa.

Ki yi mana addu'a.

Evaristo

Alto del Guamo
Juma'a, 21 ga Maris

Tránsito,

Gaisuwa gare ki da Leonor. Zan faɗa miki komai a jere yadda ya faru, don kaina bai zauna ba.

Jiya da sassafe na same su a kicin, Cleofe tana hura wuta, Arbey yana shan ruwan mazarƙwaila a tsaye. Na cire malafa na faɗa, tun daga falalen har gorar. Na ɗaga murya don Nubia ta ji daga ɗaki.

Na zaci Cleofe za ta yi ihu. Ba ta yi ba. Ta ajiye muficin ta ce, "Sati biyu. Sati biyu cibiyar jikata tana kwance a kan matacce, kai kana nan kana lissafin kaji. Ka bar ni na je na ci mutuncin baiwar Allah a ƙofar gidanta. Don siminti, Don Evaristo?" Na ce ba don siminti ba ne. Na kalli Arbey. Shi ya gane, ya sunkuyar da kai.

Cleofe ta ce magani ɗaya ne, a fito da tukunyar yau, a binne ta gefen murhu da toka mai zafi, sannan a ga abin da Allah zai yi. Sai ƙofar ɗaki ta buɗe. Nubia ce, wadda ba ta taɓa musa wa uwarta ba, tsaye da yarinya a ƙirji, ta riga ta sa takalmi. Ta ce, "Mama, ku haƙo abinku. Ni zan bi motar madara. Baba ya karanta, na ji da kunnena." Cleofe ta ce iska za ta kashe su su biyu. Nubia ta ce to ta lulluɓe su. Suka tsaya suna kallon juna. Can Cleofe ta shiga ɗaki ta fito da bargo uku da mayafinta na coci, ta naɗe su har ido kawai ake gani, tana naɗewa tana zagin duk zuriyar Imbachí.

Saura wanda zai raka ta asibitin Pitalito. Cleofe dole ta tsaya don binnewa. Ni ba a yarda in matso kusa ba. Arbey ya ɗauki jaka, sai Nubia ta ce masa ramin fa, wa ya san yadda ake shiga in ba shi ba? Ta ce ya fito mata da tukunyar ya biyo su. Na ruga gidan Rosalba. A bakin ƙofa na faɗa mata gaskiya cikin numfashi ɗaya. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, "Za mu yi wannan maganar, maƙwabci, ba yau ba." Ta kwance gyalen aiki ta bi ni. Ita ta hau mota da su.

Arbey ya zagaya bayan rumbu ya ɗauko sandar ƙarfen da igiya. Muka hau. A kan tudu ya soka sandar wuri shida yana saurare, kamar yadda Hernán yake yi, har karkata kan iri ɗaya. Ya ce falalen hagu yana zaune daram, na dama ne ke motsi, kada in taka can ko me na ji. Muka faɗaɗa ramin, muka tokare da gungume biyu. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙo mini ɗaya bakin. Ya ce, "Wancan karon ni na riƙe, Baba. Ka ga yadda abin yake." Ya yi alamar gicciye ya ce ki yafe masa rantsuwar, ya zura ƙafa.

Tsayin ramin ya kai mutum ɗaya da rabi. Ina ganin hasken tocilarsa yana yawo a jikin duwatsun bango, akwai sauran jan fenti da baƙi a kansu. Sai hasken ya tsaya wuri ɗaya. Na kira shi, shiru. Ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan daga gefen dama, ina jin saukarta. Na sake kira. Igiya ba ta motsi. Na karanta addu'ar Ubanmu Wanda Ke Sama sau uku, na uku ban san abin da nake faɗa ba. Abin da na gani a raina shi ne ni zaune ina rubuta miki wata irin wasiƙa.

Sannan igiya ta girgiza. Tukunyar ce ta fara fitowa, a hannunsa biyu sama da kai. Ko tsaguwa ba ta yi ba, ganyen ayaban yana ɗaure. Ya ce a gindin gunkin ya same ta zaune a kan ƙasa mai laushi. Gunkin nan mai haƙora, in ji shi, jariri yake riƙe da shi a gaba da hannu biyu.

Da ya fito ya tsaya a gabana, ban tambaye shi komai ba, ya zazzage aljihunan wandonsa, ya cire takalma ya kife su, ya buɗe baki ya ɗaga harshe. Ya ce, "Akwai zinariya, Baba. Adon hanci ne, kamar jinjirin wata, yana nan a kan akwatin dutse na gawar. Ban taɓa ba." Muka mai da falale, muka cika ƙasa, muka daddaɓe.

Simintin kicin da hannuna na fasa shi. Cleofe ta zuba toka mai zafi, ta sa tukunyar, ta rufe. Ta dafa ruda ta yi mana wanka a bayan gida, ruwan ya kusa saɓule mini fata, na tabbata da gangan ne. Ta yanke mini hukunci: ba zan taɓa yarinya ba sai ranar arba'in. Sannan muryarta ta karye ta ce, in akwai yarinyar.

Arbey ya bi motar yamma. Yau kwana ɗaya, ba labari. Ni da Cleofe ne a gidan. Duk ƙarar mota sai mu fito tare.

Evaristo

Alto del Guamo
Talata, 15 ga Afrilu

Zuwa ga Tránsito babba, daga wurin da Tránsito ƙarama take,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da Leonor ta fara takawa har kasuwa. Wasiƙunki biyu sun iso tare. Na karanta duk sunayen da kika kira ni, wasu sai da na nemi Malama Inés ta tabbatar mini haka ake rubuta su. Na karɓa duka. Saƙon da Arbey ya aika miki daga Pitalito gajere ne, ga cikonsa.

Kwana shida suka yi a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa ta jijiyar kai. Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya da ba a yi wannan maganar ba. Ya ce ƙwayar cuta ce, wataƙila daga ruwan da ake ɗiga mata, ya hana a ba ta komai sai nono. Cleofe kuwa ta tambayi Rosalba ƙarfe nawa yarinya ta fara jiƙa tsumma, ta lissafa, ta ce daidai lokacin da tokar ta rufe tukunya ne. Ba na musu da kowa. Na biya kuɗin mota, na kuma fasa siminti. Amma ruwan tsimin ya ɓace daga ɗakin.

Mun je gidan Rosalba ni da Cleofe, kowa da kaza a hammata. Cleofe ta nemi gafara a tsakiyar hanya, inda ta yi zagin, da murya daidai da ta ranar. Ni Rosalba ta bar ni tsaye a rana har ta gama wanke-wanke. Ita ce za ta zama uwar baftisma idan kin dawo aka yi na coci. Ta san maganar tudun, kuma Babbar Juma'a ta Mako Mai Tsarki ta zo ta wuce, maza sun hau duk tsaunukan nan suna neman wuta, ba wanda ya taka gonarmu.

Arbey ya kai sandar ƙarfen wurin maƙeri. An yanka ta an yi ƙugiyoyi biyu, su ne ke riƙe da lilon yarinya a ɗaki.

Ranar Lahadi muna cire ciyawa kusa da fiyar, wadda ta yi sabon ganye huɗu, na tambaye shi abin da ya tsayar da shi a ciki har na kira bai amsa ba. Na ɗauka zinariyar ce. Ya ce a'a, akwatin dutsen ne. Ya ce shi da Hernán sun buɗe da yawa, duk na manya ne. Wannan kuwa, ya nuna da hannu, daga yatsa zuwa kafaɗa. Ya ce, "Yaro ne, Baba. Duk duwatsun nan don yaro aka jawo su."

Tun ranar nake tunani. Falale ɗaya ya fi ƙarfin mutum ashirin, kuma daga rafi aka hau da su, ba doki, ba ƙarfe. Wani ya sassaƙa mai tsaro ya ba shi haƙora don kada a taɓa abin da ke ciki, ya sa masa jariri a hannu. Wanda ya sa aka yi wannan aikin, ina jin na san shi. Nasu yaron bai dawo ba. Shi ya sa ban yanke shawarar faɗa wa mutanen gwamnati ba, za su ɗaga gunkin su sa masa lamba. Sai kin zo mu yi magana. A yanzu dai na kewaye tudun da waya, kamar yadda ya kamata in gane tun daga shirun mahaifina.

Yau arba'in ta cika. Nubia ta yi wankan ganye, an buɗe tagogi, an yanka kaza ta ƙarshe. Tun asuba na yi wanka na sa farar rigata na zauna a benci. Cleofe ta bar ni har hantsi. Sannan ta fito da ita, ta shinshina hannuwana ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ungo, kakan banza. In ka yar da wannan a rami, kai zan binne gefen murhu."

Ta yi nauyi, Tránsito. Maɗigarta ta cika tana bugawa a hankali, na sa leɓena a wurin na ji. Tafin ƙafarta da ɗumi.

Ki duba ƙasan takardar nan. Na ɗora hannunta na zagaye da fensir. Yatsa na huɗu ya karkace don ta motsa, ba haka yake ba. Ki auna da naki, ki hau motar Olmedo ranar Asabar.

Mijinki,
Evaristo Imbachí